Shin Turanci ma yana ninka kalma kamar Hausa?

Tambaya: Malam, ni malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata. Wata ɗalibata ta rubuta "we are learning it small-small" a cikin insha'i, na ja mata jan biro, na ce Turanci ba ya maimaita kalma, wannan ɗabi'ar harsunanmu ce. Washegari sai ga ta da 'yar takarda, ta jero bye-bye, zigzag, walkie-talkie, flip-flop da chit-chat, ta ce to waɗannan fa? Na rasa abin da zan ce mata. Ni ce na yi kuskure? Kuma akwai wata ƙa'ida a cikin abin, ko haddacewa kawai ake yi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan koyarwa. Kafin komai, ki riƙe yarinyar nan hannu bibbiyu. Ɗalibar da za a ja wa jan biro ta koma gida ta kwana tana tono hujja, irinta malami ke roƙon Allah ya ba shi a aji.

Jan biron da kika ja yana kan hanya, domin mai duba takardun WAEC ko NECO ma ba zai bar small-small ya wuce ba. Dalilin da kika ba ta ne yake son gyara. Turanci yana ninka kalma, ya daɗe yana yi, kuma kalmomin da ya ninka suna da yawan da tun a 1866 wani Bature mai suna Henry Wheatley ya tattara su ya yi musu ƙamus nasu na kansu. A 1963 kuma wani masani ɗan ƙasar Sweden, Nils Thun, ya sake bin sawunsu ya rubuta littafi sukutum a kansu. Inda muka rabu da Turawa shi ne wurin da kowa ya ajiye ninkinsa. Hausa ta sa shi a cikin nahawu, yana yi mata aiki kullum. Turanci kuwa ya bar shi a kunne, yana jin daɗin amonsa, yana nuna raini ko wasa ko ƙauna da shi, amma bai ɗora masa aikin nahawu ba.

Mu fara daga gida, a nan za ki fi ganin abin ƙarara. Idan Bahaushe ya ce ya buga ƙofa, sau ɗaya ne ko biyu. Idan ya ce ya bubbuga ƙofa, kowa ya san ya jima a tsaye. Yanka da yayyanka, tambaya da tattambaya, har aikatau na aro irin canja, ki ce "ya caccanja kaya" ba wanda zai tsaya yana tambayarki me kike nufi. Haka wajen rabo: ba su biyu-biyu, lemo naira hamsin-hamsin. Haka wajen rage wa sifa ƙarfi: fari-fari, ruwa-ruwa, tsami-tsami. Haka wajen ƙarfafa lokaci: yanzu-yanzu, maza-maza. Ga kuma jam'i irin su gine-gine da tafiye-tafiye. Ba wanda ya zaunar da mu ya haddatar da mu waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'ida ce a cikin kanmu, duk kalmar da muka jefa mata za ta ninka ta, ma'ana kuma ta fito daidai.

Duk waɗannan ayyuka Turanci ma yana yin su, sai dai da wasu kayan aikin. Biyu-biyu ya zama two by two ko two each. Fari-fari ya zama whitish, da ɗafa-ƙeyar nan ta -ish. Bubbugawa ta zama kept knocking ko knocked again and again. Kaɗan-kaɗan ɗin da ɗalibarki take son faɗi kuwa shi ne little by little ko bit by bit. Ki lura, a nan ma an maimaita kalmar, amma an cusa by ko and a tsakani ta raba su. Wannan 'yar kalmar tsakiya ita ce yarinyar ta bari a baya, don Hausar da ke cikin kanta ba ta buƙatarta.

To, mu koma kan takardar da ta kawo miki. Kalmomi biyar ta jero, kuma ba tare da ta sani ba ta haɗo iri uku.

Bye-bye shi ne iri mafi sauƙi, cikakken ninki, an maimaita kalma yadda take. Yawancin 'yan gidansa daga bakin iyaye mata da jarirai suka fito: night-night lokacin kwanciya, choo-choo ga jirgin ƙasa, no-no ga abin da aka hana. Kaɗan ne suka girma suka shiga maganar manya, irin so-so, wato ba yabo ba fallasa, da hush-hush ga abin da ake yi a asirce, da fifty-fifty, raba daidai. Ba sai mun daɗe a nan ba.

Walkie-talkie ya fi shi labari. Shi ne ninki mai amsa-amo: rabi na biyu yana maimaita na farko, baƙin farko kawai ake sauyawa. Na'urar ta yaɗu ne a hannun sojoji lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka haɗa tafiya da magana aka raɗa mata suna mai ƙafiya. Da ta iso ƙasar Hausa ba mu ɗauki wannan suna ba. Mun saurari abin da mai riƙe da ita yake faɗi a ƙarshen kowace magana, muka ce oba-oba. Na'ura ɗaya, kowane harshe ya ninka mata suna irin yadda ya saba: Bature ya yi ƙafiya, Bahaushe ya yi cikakken ninki. Wannan misali nake fara ba ɗalibaina duk shekara, kuma ban taɓa ganin ya kasa shiga ba.

Ki jero 'yan wannan gida ki karanta da ƙarfi: hocus-pocus, hanky-panky, helter-skelter, hurly-burly, hoity-toity, higgledy-piggledy, hodge-podge, humdrum. Abin da zai fara bugun kunnenki shi ne yawan waɗanda suka fara da h. Na biyu, rabin ƙarshe yakan fara da baƙi mai ƙarfi, sau da yawa wanda ake haɗa leɓɓa wajen furta shi, wato p ko b ko m ko w: super-duper ya kauce, amma easy-peasy, teeny-weeny, roly-poly, namby-pamby duk sun bi layi. Ana buɗe kalmar da sauti mai laushi kamar numfashi, a fara rabi na biyu da sauti mai tsayawa a baki. Masana biyu a Amurka, William Cooper da John Ross, sun bi wannan tsari dalla-dalla a wata maƙala ta 1975, suka nuna cewa a irin waɗannan tagwayen kalmomi mai sauƙin nauyi ke shiga gaba, mai nauyi ta biyo baya. Abin da ya fi burge ni shi ne mu ma muna da kalma mai wannan ƙira sak: hajaran-majaran. Ta fara da h, rabi na biyu ya fara da m, ma'anarta kuma kusan ita ce ta helter-skelter, mutum ya faɗo a rikice ba shiri. Turkawa ma suna da nasu, har ya zama ƙa'ida a wurinsu: kitap littafi ne, kitap mitap kuma littattafai da tarkacen da suka yi kama da su.

Wasu daga cikin kalmomin an san ranar haihuwarsu. A wajen 1725 wani marubuci, Henry Carey, ya so ya muzanta wani mawaƙi mai suna Ambrose Philips, wanda yake rubuta wa 'ya'yan manya waƙoƙi masu zaƙin baki kamar na rarrashin jariri. Sai ya lanƙwasa sunan Ambrose ya koma Namby, ya ɗauko p ɗin Philips ya yi Pamby. Yau an manta da mawaƙin da waƙoƙinsa, amma namby-pamby na nan ana jifan duk wani raggo marar kataɓus da ita. Mumbo-jumbo kuwa daga yankinmu na Afirka ta Yamma ta tafi. Wani ma'aikacin kamfanin ciniki na Ingila, Francis Moore, ya zauna a bakin kogin Gambiya, ya buga labarin tafiyarsa a 1738, a ciki ya ba da labarin wani dodo mai rufaffiyar fuska da Mandinkawa ke fito da shi don raba gardama a gari. Sunan dodon ne ya shiga bakin Turawa a haka, daga baya suka mayar da shi sunan duk wata magana mai sarƙaƙiya da ba a gane kanta. Ina so ɗalibanmu su san wannan, don su ji raini da ke kwance a tarihin kalmar kafin su ɗauke ta su yi ta yawo da ita. Willy-nilly kuma tsohuwar jimla ce ta tsuke: will he, nill he, ko ya so ko ya ƙi, domin nill tsohon aikatau ne mai ma'anar ƙin abu. Hocus-pocus kalaman masu rufa-ido ne na ƙarni na 17, suna kwaikwayon amon Latin don su ruɗa 'yan kallo. Hurly-burly ma tsohuwa ce, tana cikin fitowar farko ta wasan Macbeth na Shakespeare, wanda wataƙila kin taɓa koyar da shi.

Ki dubi ma'anonin kuma. Yaudara, hargitsi, ragwanci, ɗagawa, shirme. Da wuya ki sami kalma mai daraja a cikinsu. A nan Bahaushe ba baƙo ba ne ko kaɗan, domin mu ma idan muka zo bayyana aikin da ba gaskiya a cikinsa, ninki muke kamawa: cuwa-cuwa, ƙumbiya-ƙumbiya, nuƙu-nuƙu, wala-wala, kame-kame. Idan kika ce wa ɗalibai hanky-panky ita ce ƙumbiya-ƙumbiya, ba ma'ana kaɗai kika ba su ba, har da ɗanɗanon kalmar da irin wurin da ya dace a faɗe ta. Sai dai ki gargaɗe su cewa hanky-panky takan kuma nufi lalata tsakanin mace da namiji, kada su jefa ta inda za ta ba su kunya.

Saura zigzag, flip-flop da chit-chat, kuma a nan ne tambayarki ta ƙa'ida take da amsa mafi daɗi. A wannan iri baƙaƙe ba sa motsi, wasali ne ke sauyawa, kuma sauyin hanya ɗaya yake bi: i a gaba, a ko o a baya. Tick-tock, ding-dong, ping-pong, hip-hop, tip-top, sing-song, mishmash, riff-raff, dilly-dally, wishy-washy, knick-knack, pitter-patter. Idan guda uku ne, sai a jera i, a, o, kamar bish-bash-bosh. Ki juya kowace ki ji: flop-flip, zag-zig, chat-chit. Ba Baturen da zai yarda da su, kuma mafi yawansu ba za su iya gaya miki dalili ba, don ba a koyar da wannan a makarantunsu. Agogo sauti iri ɗaya yake yi a kowace daƙiƙa, amma ba wanda ya taɓa jin ya ce tock-tick. 'Yan kasuwa sun san ƙarfin abin sarai. Wani kamfani a Landan ya yi wa Ping-Pong rajista a matsayin sunan kayan wasan ƙwallon tebur a 1901, ga KitKat, ga TikTok da ke cikin wayar kowace ɗaliba a ajinki.

Akwai kalmomi biyu da nake kafa hujja da su cewa kunne ne ke mulki a nan. Ta farko shilly-shally, wato inda-inda. Asalinta tambayar mai shakka ce, shall I, shall I, in yi ko kada in yi. Kalma ɗaya ce aka maimaita, amma bakin mutane bai bar ta haka ba, sai da ya mayar da wasalin farko i, alhali babu wata kalma shill mai wannan ma'ana. Ta biyu criss-cross, layuka masu gilma juna. Asalinta Christ's cross, alamar gicciye da ake sawa a farkon jerin abacada a allon karatun yaran Ingila na da. Da aka manta asalin, sai kunne ya gyara rabin farko ya dace da tsarin i da o. Ma'ana ta ba da kai, amo ya yi nasara.

Me ya sa i ke shiga gaba? Ki furta i ki ji inda harshenki yake: ya ɗago sama, ya matso gaba kusa da ganɗa, baki a tsuke. Ki furta a ko o: harshe ya sauka, muƙamuƙi ya saki, baki ya buɗe. Wasalin farko gajere ne siriri, na biyu ya fi shi faɗi da tsawo. Wasu masana sun ce abin yana da alaƙa da kusa da nesa, wai sauti siriri na abin da ke kusa ne, shi ya sa ake fara ambatonsa. Ni dai bayanin nauyi ya fi kwanta mini, domin shi ne dai wanda muka gani a hocus-pocus, kuma shi ne ke sa Bature ya ce salt and pepper, bread and butter, ladies and gentlemen, gajeriyar kalma a gaba, doguwa a baya. Ba Turawa suka fara lura da wannan ba. Panini, masanin nahawun Sanskrit a Indiya, ya kafa ƙa'idar cewa kalma mai ƙarancin gaɓoɓi ita ke fara zuwa a irin wannan haɗi, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Jamusawa ma suna cewa Zickzack da Mischmasch, Faransawa suna cewa tic-tac da bric-à-brac.

A nan akwai abin da nake so ki gwada da bakinki, don ni a ganina shi ne ya fi kusantar da Bahaushe ga fahimtar flip-flop. Ki faɗi kaca-kaca a hankali. Rabin farko murya tana sama, rabi na biyu ta faɗo ƙasa. Haka dumu-dumu, jina-jina, tsamo-tsamo, faca-faca. Yanzu ki faɗi zirga-zirga, hada-hada, cuku-cuku. Nan kuma an juya, ƙasa aka fara sannan aka hau. Da yake rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ido yana ganin rabi biyu iri ɗaya, amma kunne ya san ba ɗaya ba ne. Ki juya karin kaca-kaca ki faɗa wa tsohuwa a gida, za ta dube ki kamar yadda Bature zai dubi wanda ya ce flop-flip. Abin da Turanci ke yi da wasali, Hausa tana yin kwatankwacinsa da karin sauti. Ɗaliban da suka ji wannan da kunnensu ba sa sake ɗaukar tsarin Turancin a matsayin wani abin al'ajabi daga nesa.

Duk iri ukun nan, in an cire 'yan ƙirƙire-ƙirƙiren masu talla da masu barkwanci, rumbu ne da aka riga aka cika. Ba za ki ɗauki book ki ce book-wook ko bick-book a fahimce ki ba. Don haka amsar rabin tambayarki ita ce e, haddacewa ake yi, kalma-kalma, kamar sauran kalmomin ƙamus. Ƙa'idar tana gaya miki yadda kalmar za ta kasance idan akwai ta, ba ta ba ki izinin ƙera sabuwa a takardar jarrabawa.

Amma akwai ninki iri biyu da suke da rai a Turancin yau, ana ɗora su a kan kusan kowace kalma, kuma ba su cikin takardar ɗalibarki.

Na farko na Amurka ne. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawan gabashin Turai sama da miliyan 2 suka yi ƙaura zuwa can, da yawansu suka zauna a New York, suka zo da harshensu na Yidish. A wannan harshe idan ana so a yi watsi da abu, sai a maimaita sunansa a sauya farkonsa da shm. Turancin Amurka ya ari dabarar: fancy-shmancy, money-shmoney, degree-shmegree. Daidai yake da Bahaushe ya ce "digirin banza digirin wofi". Magana ce ta raini tsantsa, ta sa'o'i da abokan wasa. Ɗalibai za su ji ta a finafinai, ya kamata su gane ta, amma ba abin da za su faɗa wa na gaba da su ba ne.

Na biyun shi ne wanda na fi so ki ba wa lokaci, don shi ne ramin da Bahaushe ke faɗawa. Ni ma na faɗa. Lokacin da nake karatu a Ingila ina haya a gidan wata dattijuwa mai kirki. Hutun ƙarshen shekara ya matso, muna shan shayi a kicin ɗinta, ta tambaye ni ko zan je gida. Na ce e, ina nufin gidan wani ɗan garinmu da ke wani birni, inda nakan je in ci tuwo in ji Hausa. Sai ta ajiye kofinta ta ce, "Home-home?" ta danna murya a kan kalmar farko. Kunnena na Hausa ya ji gida-gida, kamar yadda muke cewa fari-fari, wato abin da ya yi kama da gida amma bai kai gida ba. Wannan kuwa shi ne ainihin halin da nake ciki, don haka na ce mata e da ƙarfina. Bayan kwana biyu na tarar da ƙunshi a bakin ƙofar ɗakina, gwangwanin biskit da mayafin ulu, da 'yar takarda cewa in kai wa mahaifiyata. Ita abin da ta tambaya shi ne, gida na gasken-gaske za ka, wurin iyayenka? Na ajiye mayafin nan wata bakwai kafin ya isa hannun mai shi.

Wannan ninki masana huɗu suka yi masa nazari mai zurfi a 2004, Jila Ghomeshi, Ray Jackendoff, Nicole Rosen da Kevin Russell, kuma har yau ana kiran aikin nasu da sunan misalin da ya fi shahara a ciki, salad-salad, wato salak na ainihi mai ganye, ba wanda aka cuɗa da kifi ko dankali ba. Aikinsa shi ne ware ainihin ma'anar kalma daga ma'anoninta na gefe. Budurwa ta tambayi ƙawarta "do you like him, or like-like him?", tana nufin yana burge ki ne kawai ko so ne na soyayya. A ce "is he a doctor-doctor?", ana nufin likitan asibiti ne ko mai digirin digirgir. Kullum ana danna murya ne a kan kalmar farko, in ba haka ba ma'anar ba ta fita. Ki ga inda haɗarin yake: siga ɗaya ce da tamu, ma'ana kuwa kishiya. Bahaushe ya ce yana jin zazzaɓi-zazzaɓi, yana nufin abin sama-sama ne. Bature ya ce "I'm sick-sick", yana nufin ciwo ne na sosai, a kira likita. Fari-fari ya gaza fari, white-white kuwa fari ne fat. Yaranmu da ke fita karatu ko aikin jinya a waje suna cin karo da wannan a makon farko, kuma ban san littafin makaranta ko ɗaya a nan da ya tanadar musu shi ba, sai dai malami ya faɗa musu da baki.

Game da small-small ɗin kanta, ina roƙonki kada ki bar yarinyar ta tafi da tunanin cewa shirme ta rubuta. Turancin Buroka da Turancin da muke yi a Najeriya sun ɗauki ninki daga harsunan ƙasa suka ba shi aikin nahawu, irin wanda Turancin Ingila ya hana shi: sharp-sharp, well-well, now-now, follow-follow, fear-fear. Tsari ne mai ƙa'ida, miliyoyin mutane suna fahimtar juna da shi daga Legas har Maiduguri. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, har da Kannywood da okada, kuma a cikinsu akwai chop-chop da ma'anarmu ta nan, wato cin hanci da wawure dukiyar jama'a. Turancin Ingila yana da tasa chop-chop ɗin tun ƙarni na 19, wadda ta fito daga Turancin cinikayya na gaɓar tekun ƙasar Sin, ma'anarta maza-maza. Wanda ya ce wa ma'aikaci "chop-chop" a Landan hanzarta shi yake yi, wanda ya faɗa a Abuja kuwa zargi ya yi. Now-now ma haka: a wurinmu yanzu-yanzu ne, a Afirka ta Kudu kuwa nan da ɗan anjima. Abin da ɗaliba ke buƙata shi ne ta san wane Turanci take yi a wane zaure, kamar yadda ta san Hausar da take yi da ƙawayenta ba ita take yi a gaban kakanta ba.

A wajen rubutun jarrabawa, ga yadda nake raba wa nawa ɗaliban. Zigzag, criss-cross, walkie-talkie, hip-hop da flip-flop in ana nufin silifas, sunaye ne na yau da kullum, ba su da wani madadi da ya fi su, a rubuta su ko'ina. Nitty-gritty, wato gundarin magana, da wishy-washy, da dilly-dally, da flip-flop in ana nufin ɗan siyasar da ya yi amai ya lashe, za ki gan su a jaridun Ingila da Amurka, sun dace da labari ko muhawara ko wasiƙa zuwa ga aboki, amma ba su dace da wasiƙar neman aiki ba. Okey-dokey, easy-peasy, super-duper da duk masu shm, na baki ne, sai dai in an sa su a bakin wani a cikin ƙagaggen labari. Akwai kuma maimaici ɗaya da Turancin makaranta ya yarda da shi, sifa biyu a gaban suna da waƙafi a tsakani: a long, long time ago, ko a small, small house. Yana da kyau ki nuna mata wannan da kanki, don mai irin kaifinta za ta gano shi ko ba jima ko ba daɗe, ta sake dawo miki da takarda.

Gobe idan kin shiga aji, ki kira ta gaban allo ki ba ta alli. Ta rubuta kalmominta biyar, ta raba su gida uku da kanta, 'yan ajin su ƙaro nasu. Daga nan ki sa su faɗi kaca-kaca da zirga-zirga da ƙarfi, su saurari inda murya ke hawa da inda take sauka. A gefen insha'in nata kuma, kusa da jan biron, ki rubuta mata little by little, ki ja layi a ƙarƙashin by.